Hannun da Na Ƙi Karɓa a Karofi

Tun ranar Asabar ɗin nan kun hana ni shan shayi cikin kwanciyar hankali. Wannan ya ce, "Kabiru, ya cikin gari?" wancan ya ce, "Me surukin naka ya ce?" Har Sista mai kula da ɗakinmu a asibiti, wadda ba ta da lokacin kowa, sai da ta tare ni a baranda ta ce ta ga na rame. To yau zan faɗa sau ɗaya in huta. Mai dariya ya yi, ni na ja wa kaina. Na san za ku ce wace irin tafiya ce daga Gyadi-Gyadi zuwa cikin gari, abin da bas ɗaya ke kai mutum. Wallahi na je Legas, na je Jos, ban taɓa dawowa gida a gajiye irin na ranar ba.

Ga wanda bai san tushen zancen ba, Falmata nake nema, ma'aikaciyar jinya 'yar Maiduguri da ke ɗakin yara. Mun daidaita, ta kai magana gida, suka ce to, amma sai an yi bincike. Shi ne suka turo yayanta, Malam Bukar, malamin sakandare, ya zo ya ga ko ni wane ne, kuma ɗan wane ne. Abin da ya koma ya faɗa, shi za a bi. In ya ce a ba ni, an ba ni. In ya girgiza kai, sai dai in ci gaba da hango Falmata daga nesa.

Ya sauka a Tarauni wajen wani abokin karatunsa. Ran Alhamis ya zo gidanmu ya gaida Inna, mahaifiyata, ya sha lemo, ya duba takardun makarantata da na jera a bango. Na ce a raina an gama. Sai da na raka shi bakin titi ya juyo ya ce, "Malam Kabiru, Falmata ta ce asalinku 'yan cikin gari ne. Ni ga ni ina koyar da tarihi, amma ban taɓa zagaya cikin ganuwar Kano da ƙafata ba. Jibi ka zagaya da ni."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Haba Malam, wannan ai ƙaramin abu ne. Cikin gari kamar tafin hannuna yake."

Ga abin da ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba. Kakana marini ne. Karofinmu, wurin da ramukan rini suke, yana nan a wani lungu bayan kasuwar Kurmi. Mahaifina ne ya yi boko ya zama akawu, ya fito ya yi gida a waje, a nan aka haife ni. Ƙanensa, Baffa Sule, shi ya tsaya a kan ramukan. Ni kuwa tun a makarantar kwana da aka taɓa tsokanata da jikan mai baƙin hannu, na gyara labarin, na ce mu fataken tufafi ne. Haka na gaya muku, haka na gaya wa Falmata. Da Malam Bukar ya tambaye ni dangin uba, ko ƙiftawa ban yi ba na ce duk sun ƙare, sai na nesa. Rabona da Baffa Sule shekara shida, tun sadakar arba'in ɗin mahaifina.

Ran Asabar na ci ado kamar mai zuwa ɗaurin aure: farar shadda da ta sha bugu, hula sabuwa, da takalmi sau-ciki da ban taɓa sawa ba. Malam Bukar ya zo cikin wani yadi mai sauƙi da silifa, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Da ƙafa fa na ce." Na ce ai mu 'yan gari mun saba.

Muka hau bas a bakin titin Zariya. Kun san yadda gari yake a daminar nan tun da sojoji suka koma bariki, kowa ya zama mai sharhi. Wani dattijo a gaba yana ta faɗin yanzu mulkin farar hula ne, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa ba mai kama shi. Wata mata da ta ɗora mini kwandon tattasai a ƙafa ta ce, "To Baba, tun da an ba mu baki, a gaya wa direba ya daina tura mu biyar a kujerar mutum uku." Direba ya ce wannan ba ya cikin tsarin mulki. Mota ta ɗau dariya, har da Malam Bukar. Ni dai hankalina na kan shaddata da kwandon tattasai.

A Ƙofar Nassarawa ya ce mu sauka daga waje, shi da ƙafa zai shiga. Jikin ƙofar duk fostocin 'yan takara ne, wanda ya ci da wanda ya faɗi, ruwan sama ya jiƙa su sun saɓule tare. Ya ratse gefe inda guntun ganuwa ya rage, ya dafa jar ƙasar. Ni da nake wucewa ta nan a mota, ban taɓa lura akwai sauran ganuwa a wurin ba. Ya yi bismilla ya shiga. A gare shi shiga gari ne, ni kuwa ji na yi kamar mai tsallaka iyaka da takardun jabu.

Zangonmu na farko Gidan Makama, inda ake ajiye kayan tarihi. Nan na fara zuba. Muka zo kan wani ƙaton ƙyauren ƙarfe, na ce wannan na ɗakin ajiyar dukiyar sarakunan da ne, mutum goma ke buɗe shi. Wani ma'aikacin gidan, dattijo mai farin gemu, yana tsaye a bayanmu. Ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, ƙyauren ƙofar gari ne. Ga shi nan ma an rubuta a jikin allo." Na ce ai abin da nake nufi ke nan. Malam Bukar ya fito da ɗan littafi ya rubuta wani abu, ban san ko tarihin ƙyaure ya rubuta ba ko nawa.

Daga nan muka bi ta gefen gidan sarki muka ɓulla babban masallacin Juma'a. Ya tsaya yana kallon hasumiya har wuyansa ya gaji. Na ce ko mu shiga ya gani, ya ce a'a, ai jiya a nan ya yi Juma'a. Maganar ta wuce ta gefen kunnena. Da ina da wayo, da a nan na tsaya na yi tunani.

Sai muka faɗa lunguna. Jama'a, cikin gari wata ƙasa ce daban. Mu nan Gyadi-Gyadi gida na da lamba, ƙofa na da kwaɗo, maƙwabcina na sama shekara biyu ban san sunansa ba. Can kuwa lungu ne da in ka buɗe hannu biyu za ka taɓa bango da bango, kwata na bi ta tsakiya, kowane soro da dakalinsa, kowane dakali da tsohonsa. Ba ka isa ka wuce ba sallama ba. Kuma ba sa tambayar sunanka, sai dai su ce, "Ɗan gidan wa?" Malam Bukar ya ji daɗin abin, yana tsayawa yana gaisawa da kowa, yana cewa haka tsofaffin unguwanninsu suke. Ni kuwa kowace gaisuwa sai na ji kamar ana zare mini hula.

Wani tsoho mai ɗinkin hula ya ɗago ya ƙura mini ido ya ce, "Kai, wannan goshin na san shi." Na ce, "Kama ce, Baba," na ƙara sauri. Garin saurin nan ƙafata ta dama ta zurma cikin kwata har idon sawu. Wata baiwar Allah ta miƙo buta daga bayan ƙyaure, na tsaya da ƙafa ɗaya kamar zalɓe ina wanke takalmi. Takalmin kuwa dama tun Gidan Makama ya fara cin dunduniyata.

A Kurmi muka huta. Kasuwa ce da ba ka ganin rana sosai, rumfa na haɗe da rumfa, ƙamshin turare da na fata da na kanumfari duk a cakuɗe. Malam Bukar ya ɗauki wata hula ya juya ta, ya ce wa mai rumfa wannan aikin garinsu ne, Kanawa sayarwa kawai suka iya. Mai rumfa ya ce, "To ai sayarwar ita ce aikin, Malam." Muka zauna a benci muka ci gurasa da ta sha ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji, muka kora da fura mai sanyi. Ya ce bai taɓa ganin mutanen da suka mai da ƙuli miya ba sai mu, amma fa faranti biyu ya tashi da shi. A nan na ɗan saki jiki. Saura Dutsen Dala kawai, kuma na riga na tsara za mu fita ta babban titi, nesa da lungunmu.

Da muka miƙe na nuna hagu. Shi kuwa ya nuna dama ya ce, "Mu bi ta nan."

Na ce, "Malam, nan ba ya ɓullewa."

Ya ce, "In bai ɓulle ba sai mu dawo. Ai yawo muka fito."

Ya yi gaba, dole na bi. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai warin nan ya doki hancina, warin shuni da toka da ya kwana a rami. Wanda ya tashi da shi ba ya mantawa. Muka ɓulla fili, ga ramukan nan a jere, yawancinsu an bar su sun cike da ƙasa, uku ko huɗu ne ke da rai. Ga zannuwa a shanye a igiya. Ga wani tsoho zaune a bakin rami yana gyara igiyar shanya. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat, amma hannuwan nan na nan yadda na san su, baƙi-shuɗi tun daga farce har gwiwar hannu.

Na sunkuyar da kai na ja hula gaba. Ina! Ya riga ya gani. Ya miƙe har yana tuntuɓe, fuskarsa duk ta buɗe, ya ce, "Babana! Babana, kai ne?"

Sunan kakana aka sa mini, shi ya sa Baffa bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Ya taho ya miƙo mini hannu, tafin a buɗe. Kuma ku ji, hannun a bushe yake. Ni jikan marini ne, na fi kowa sanin cewa shunin da ya kama fata ba ya shafar tufa. Ba shadda na ji wa tsoro ba. Na dubi hannun, na dubi Malam Bukar, sai na mai da hannuwana baya na haɗe su, na ce, "Sannu da aiki, Baba." Sannan na juya na ce wa Malam Bukar ƙasa-ƙasa, "Haka tsofaffin nan suke, kowa Babana ne, don a sayi zane."

Na ɗauka a hankali na faɗa. Ashe ya ji. Hannun ya tsaya a iska, sannan ya sauka a hankali ya koma jikin rigarsa. Ya ce, "Afuwan, Alhaji. Ido ne ya tsufa. Na ɗauka wani ɗana ne."

Da ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Malam Bukar bai dube ni ba. Ya cire silifansa, ya durƙusa, ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya riƙe, suka yi ta gaisawa, ya gida, ya iyali, ya gajiya. Ya tambaye shi yadda ake haɗa rami, Baffa ya yi masa bayani, kwana nawa shuni ke yi kafin ya nuna, yadda ake tsoma zane a ɗaga ya sha iska a sake tsomawa. Muryarsa ba ta rawa. Ni ina tsaye a gefe ina kallon agogo kamar mai jiran mota.

Daga karofi muka wuce gindin Dala. Muka kama matakala. Dunduniyata ta riga ta fashe, na cire takalmin na riƙe a hannu, ina hawa da safa. A tsakiyar hawan ne abin ya dawo mini: karon farko da na hau dutsen nan ina ɗan shekara biyar ne, kuma ba da ƙafata na hau ba. A wuyan Baffa Sule na hau, ya riƙe ƙafafuna da hannuwan nan, ina ta ihu wai ina ganin Makka.

A sama gari ya baje a gabanmu, ga hasumiyar masallaci, ga Goron Dutse can, ga rufin kwano da na ƙasa a cakuɗe. Na fara nuna masa wurare. Ya ce, "Bari, Malam Kabiru. Zauna."

Ya buɗe jakarsa ya fito da zane a naɗe, rinin shuni mai duhu, an buge shi yana ƙyalli. Ya ɗora mini a cinya.

Ya ce, "Jiya bayan Juma'a na je gidanku na cikin gari. Inna ce ta kwatanta mini, ran Alhamis, lokacin da ka fita sayo lemo. Na ci tuwo a soron tsohon nan. Na tambaye shi halinka, ya ce, 'Babana yaron kirki ne, aikin asibiti ne ya riƙe shi, marasa lafiya sun fi mu bukatarsa.' Da zan tafi ya ba ni wannan, ya ce a kai wa matar Babana."

Na ƙura wa zanen ido. Ranar wanka dai ba a ɓoye cibi, ni kuwa nawa a kan Dala aka tone shi, gari duka na ƙasa.

Ya ce, "Asali aka aiko ni in duba, na duba, kuma ya yi mini. Gidan sana'a ne, gidan mutunci. Kai ne ban gane ba. Na bi da kai ta lungun nan ne don in ba ka dama ka gyara maganarka da kanka. Wanda ya ɓoye hannu ga ƙanen ubansa don yana tare da baƙo, ran da ƙanwata ta tsufa, ko ciwo ya canja mata kama, ina zai kai hannun nasa?"

Na ce, "Malam, na yi kuskure."

Ya ce, "Ba ni ka yi wa ba. Mu dai a wajenmu yaro ba ya nema wa kansa aure, na san ku ma haka ne. In tsohon nan ya taka ya zo Maiduguri ya nema maka, zan ce a ba shi. Shi za a ba. In bai zo ba, kada ka wahalar da kanka da hanya."

Ya karɓi zanen ya mayar jaka. A gindin dutse ya tari ɗan acaɓa ya koma Tarauni, ya ce ya gode da zagaye.

Ni kuwa na yi la'asar a wani ƙaramin masallaci, na daɗe a zaune, sannan na koma karofi, takalmi a hannu. Abin haushi, ko tambaya ban yi ba, ƙafata ta kai ni kai tsaye. Na same shi yana kwashe shanya. Na yi sallama. Ya amsa, ya matso, sai ya dunƙule hannunsa ya miƙo mini wuyan hannun, yadda mai cin abinci ko mai aikin taɓo ke yi don kada ya ɓata mutum. Ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Na kama tafin da ƙarfi na buɗe shi na riƙe, na ce, "Baffa, ni ne. Baffa, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, Babana, za ka ɓata kayanka. Ka ci abinci kuwa?"

Ya shiga da ni soro, ya kaɗe tabarma har sau biyu kafin ya bar ni in zauna. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ci. Bai tambaye ni shekara shidan nan ba, bai tayar da maganar ɗazu ba. Lafiyar Inna ya tambaya, da ko har yanzu ƙafarta na damunta. Ni ne da na gaji da shirun na zayyana masa komai, ƙaryar fatake, da abin da Malam Bukar ya ce a kan Dala. Na ce in ya ƙi zuwa ma bai zalunce ni ba.

Ya murza yatsunsa. Can ya ce, "Zan je mana. Ɗan Yaya ne kai, in ban je ba wa zai je? Sai dai abu ɗaya." Ya ɗaga hannuwan ya juya su gaba da baya. "Wannan ko wata guda na yi ina gogawa ba zai fita ba, ya riga ya zama fata. Can kuwa garin mutane ne, manya za su miƙo hannu. Ka samo mini irin safar hannun nan da kuke sawa a asibiti, kada in ba ka kunya sau biyu."

Na ɗago na dube shi, ina fata in ga alamar gatse a fuskarsa, ko da kaɗan ne, in samu abin riƙewa. Babu. Da gaske yake, shawara yake ba ni tsakaninsa da Allah. Na rantse masa ba zan kawo ba, na ce da hannun nan nasa zai gaisa da kowa, in ba haka ba na fasa auren. Ya ce to, to, ya ji, kada in ɗaga murya.

Ran Lahadi mai zuwa za mu kama hanyar Maiduguri, ni da shi. Wannan shi ne labarin cikin gari da kuke ta nema, kuma wanda ya sake kirana ɗan fatake ban yafe ba, jikan marini ne ni. Sista tana tambayar abin da ya ramar da ni. Kullum a ɗakin aiki kwalin safar hannun nan na gabana, ina zara ina sawa tun safe har a tashi. Jiya kuma da na fito, wani maƙwabcin Baffa mai sayar da goro a bakin titi ya tare ni da saƙo. Wai in ji Baffa, kada in manta da safar, kuma in samo babba, don yatsunsa sun kumbura.